Gashin zare ko hula mai siffa: wanne za ki saƙa wa yaro a Damagaram?

Saƙar kwarashi a garin nan ta daɗe da wuce hular jarirai da safa da marfin kwano. Yanzu uwa takan zo da hoto a waya, yarinya da gashin zare ruwan hoda har gadon baya, ko yaro da hula mai kunnuwan zomo, ta ce irinsa take so: za a yi wasan kwaikwayo a lakwal, wato makarantar boko, ko azumi ya kusa kai goma yara za su fita tashe. Mutane suna kiran su duka "hular wasa", amma abu biyu ne daban. Na farko gashin zare: a saƙa hula mara ado, sannan a ɗaura mata silin zare ɗaya bayan ɗaya har ta ɓace a ƙarƙashinsu, a taje ko a kitse. Na biyu hula mai siffa: hular ce take fitowa fili, a ɗinka mata kunnuwa, ƙaho, geza, ko gemu, yaro ya zama zaki ko zomo ko tsoho. Ni a ganina, a yanayin Damagaram hula mai siffa ce ta fi yawan dacewa, gashin zare cikakke kuma yana da lokacinsa da yaransa. Amma ba zan ce ki ɗauki maganata haka nan ba, ga inda kowanne yake ci da inda yake faɗuwa.

Gindin aikin ɗaya ne, kuma a nan yawancin masu koyo suke ɓata shi. Ki auna kan yaron da awon tela, daga goshi, saman kunne, zuwa ƙeya. Ɗan shekara 1 kansa yakan kai santimita 46, ɗan shekara 2 zuwa 3 tsakanin 48 da 50, daga shekara 4 zuwa 10 kuma 50 zuwa 53. Wannan kimantawa ce kawai. Yarinyar da aka yi wa kitso mai tudu awonta ya canja, don haka ki tambayi uwar wane kitso za ta yi ranar bikin. Hular tana son ta gaza kan da santimita 2 zuwa 4, saboda saƙa tana miƙewa. Idan kai 50 ne, ki yi niyyar 47, ki raba da 3.14, ki samu kusan 15. Faɗin faifan da za ki saƙa ke nan kafin ki daina ƙari. Da zare matsakaici da kwarashi mai milimita 4 ko 5, ki fara da doguwar saƙa (wadda ake naɗa zare sau ɗaya a kwarashi kafin a zura) guda 12 a cikin zoben zare, zagaye na biyu 24, na uku 36, haka har faifan ya kai awon, sannan ki ci gaba ba ƙari har hular ta sauko kan kunne. Daga nan hanya ta rabu.

Mai yin hula mai siffa ta kusa gamawa. Kunnuwan zomo biyu, a ninka kowanne don ya tsaya, a ɗinke. Gezar zaki, a zagaye bakin hular da madaukai ko gajerun silla ruwan ƙasa. Gemun tsoho na tashe, a saƙa ɗan falle fari da ramin baki, a maƙala shi a gefen hular da maɓalli ta yadda yaro zai cire ya sha ruwa. Hular dogari, ja da kore, irin launin da yaran unguwar Birni suka saba gani a ƙofar fadar Sarkin Damagaram. Ta bikin 18 ga Disamba, ranar Jamhuriyar Nijar, ruwan lemo da fari da kore irin na tutar ƙasa. Duk waɗannan ƙwallon zare ɗaya mai giram 100 yakan isa, da 'yan ragowar launuka da ke cikin kwandonki, kuma mai hannu da sauri tana iya gamawa tsakanin azahar da dare.

Mai yin gashin zare kuwa yanzu ta fara. Kowane sili sai an yanke shi ninki biyu na tsawon da ake so, domin lanƙwasa shi ake yi a tsakiya, a zura madaukin ta cikin idon saƙa da kwarashi, a jawo jelar biyu ta ciki a ja. Gashi mai santimita 40 yana cin santimita 80 a kowane sili. Ki lissafa da kanki: sili 300 mita 240 ke nan, ƙwallon giram 100 na zare matsakaici kuma bai cika wuce mita 200 da 'yan kai ba. Kuma sili 300 ba su rufe hula ruf, sai an kitse su da dabara. Wadda take son gashi mai cika har ƙugu za ta ci ƙwallo uku ko fiye, ban da na hular. Yanka kaɗai aiki ne. Dabarar da ta fi sauƙi ita ce ki naɗa zaren a jikin kwali ko bayan kujera, ki yanke gefe ɗaya da almakashi lokaci guda. Ɗaurin ne ba shi da gajeriyar hanya, sai zama da haƙuri, hular a kife a kan ƙwarya ko tulu ƙarami don ta tsaya. Saboda haka duk mai sayarwa da ta yi wa gashin zare kuɗi ɗaya da hula mai siffa ta cuci kanta. Zaren ya ninka uku, zaman ya fi haka ninkawa. Kuma kuɗin zare ba ya tsayawa wuri ɗaya a Kasuwar Dole, tunda mafi yawansa ta hanyar Kano yake shigowa, yana bin hawa da saukar naira da halin da iyaka take ciki. Ki sayi duk abin da aikin zai ci a rana ɗaya daga ɗauri ɗaya, don launin da kika gani wannan Alhamis, ranar kasuwa, ba lallai ki same shi daidai a ta gaba ba.

Amma kuɗi ba shi ne babban abin da ya raba su ba. Zafi ne.

Hotunan da ake kawo mana a waya yawanci daga ƙasashen sanyi suke. Mu kuwa a watan Afrilu da Mayu zafi yakan haura digiri 40, kuma bikin rufe lakwal a watan Yuni yake faɗowa, lokacin da hadari ya fara haɗuwa, iska ta yi nauyi, gumi ba ya bushewa. Gashin zare cikakke hula ce da aka lulluɓe da giram 300 na zare, iska ba ta da ta inda za ta shiga. Yaro kuma ba ya faɗin cewa ya gaji da zafi sai ya fara kuka ko ya fizge abin ya yar. Wata dattijuwa maƙwabciyarmu ta zo da jikanyarta 'yar shekara biyar, da hoton gashi ruwan zinariya har ƙugu.

"Ɗiyata, irin wannan za ki yi mata, kada ki rage ko sili."

Na ce, "Inna, Allah ya ƙara miki lafiya, yaushe ne bikin, kuma a ina za su zauna?"

"Ƙarshen Yuni, a filin lakwal, ƙarƙashin rumfa. Tun hantsi ake kai su."

"To Inna, kafin a kira ajinsu rana ta take. Ki bari in yi mata abin da za ta iya riƙewa a kanta har a tashi."

Abin da muka daidaita a kai shi ne madauri mai faɗin yatsu uku da zaren auduga, tsakiyar kai a buɗe, da kalaba biyu dogaye masu ruwan zinariya a gefe da furanni uku na saƙa. Daga inda iyaye suke zaune ba mai gane cewa ba cikakken gashi ba ne, kitson yarinyar na gaske yana shan iska.

Lokacin sanyi labari ya juya. A Disamba da Janairu, da asuba sanyi yakan sauko kusan digiri 15, ga hunturu yana busa kunnuwa, a nan gashin zare ya zama hular sanyi mai ado, yarinya ta sa shi da murna ta ƙi cirewa. Tashe ma yana tahowa wajen nan. Azumi yana ja baya da kusan kwana 11 kowace shekara, a 2025 ya kama a watan Maris, a shekarun da ke biye da ita kuma zai dinga shiga Fabrairu da Janairu. Ga shi da dare ake fita. Wadda take shirin saƙa kayan tashe don sayarwa, shekarun nan nata ne.

Sai dai dare yana da nasa haɗarin, kuma ina roƙon kowace uwa ta tsaya a nan. Abin da ake sayar mana da sunan ulu, mafi yawansa ba gashin tunkiya ba ne, akirilik ne, wato zaren roba da ake yi daga sinadaran man fetur. Idan ya kama wuta yana ci yana narkewa, narkakken kuma yana manne wa fata. Gwada shi ba wuya: ki yanki ɗan guntu, ki riƙe da bakin almakashi, ki kyasta ashana. Na roba zai yi baƙin hayaƙi ya dunƙule ya zama ƙwallo mai tauri. Auduga za ta ci da sauri ta bar toka mai laushi. Ulu na gaske zai yi warin babbakar kan rago, kuma sau da yawa ya mutu da kansa. Kada wata ta ɗauka auduga ba ta ƙuna, tana ci sosai, bambancin dai ba ta narkewa. Yanzu ki dubi inda yaranmu suke wasa: tsakar gida da murhu a kunne, ƙofar gida da mai tuyar ƙosai, lungu da samari a fada suna hura garwashin shayi. Yarinya ta sunkuya da gashin roba mai santimita 50 yana lilo, ita ba ta jin jelarsa ta taɓa wani abu, domin ba gashinta ba ne. Hula mai siffa a manne take da kai, ba abin da yake reto. Wannan kaɗai ya isa in fifita ta ga yaran da za su yi yawo gida gida. Idan kuwa lallai sai gashi, a kitse shi, kada ya wuce kafaɗa, gemun tsoho ma a yi shi gajere.

Wanki kuma, a garin da famfo yake ɗaukewa a sayi ruwa a hannun 'yan garuwa, ba ƙaramar magana ba ce. Hula mai siffa a ɗan kwano za ki jiƙa ta da sabulu, ki matse a tawul, ki shanya a inuwa a kwance. Gashin da aka bari a sake yana kwasar ƙurar hunturu, yana cuɗewa, kuma idan kika cuɗa shi a ruwa yadda ake cuɗa zane ya dunƙule ke nan har abada. Sai an ɗaure shi kashi kashi kafin a tsoma, a ɗauraye da ruwa mai yawa, a warware da yatsu. Mataji mai ƙananan haƙora yana tsinka zaren ya tayar masa da gashi. Kuma wanki dole ne, musamman ga malaman lakwal da suke ajiye kayan wasa suna sa wa wannan aji bana, wancan baɗi. Makero da ƙwarƙwata ta hula suke bi daga kai zuwa kai. Abin da yaro ɗaya ya sa, kada wani ya sa sai an wanke ya bushe sarai. A kan wannan ma na fi ba lakwal shawarar hula mai siffa, domin ita ce za a iya wanke guda ashirin a yini ɗaya.

Duk da haka akwai abin da gashin zare yake yi wanda hula ba ta iyawa. Yana canja yaro gaba ɗaya. Yarinyar da za ta fito a matsayin amarya ko 'yar sarki ko tsohuwa mai furfura, da ta sa shi tafiyarta ma sai ta sauya. Kuma yana karɓar gyara: a yi masa kalaba yau, a tufke shi gobe, a yi shuku, a jera masa wuri irin na kitson Fulani. Zaren roba yana riƙe lanƙwasa, idan kika naɗa shi a jikin kara, kika tsoma a ruwan zafi, kika bari ya bushe ƙarau kafin ki warware, zai fito a murɗe. Ko ki yi sarƙa, ki zuba saƙa uku a kowane ido, sai ta nannaɗe da kanta. Dutsen guga dai kada ya taɓa shi, narkewa zai yi. Garin da ya daɗe da sanin wasan kara, inda ake yin shigar kwaikwayon manya, ba sai an koya masa darajar shiga ba, kuma a dandali na minti goma, a inuwa, da babba a kusa, gashin zare ba shi da na biyu.

Wane zare, to? Mutane suna so a ce musu ɗaya, ni kuwa biyu nake haɗawa. Hular da za ta taɓa fata, auduga: tana shan gumi, ba ta ƙaiƙayi, tana jure wanki. Aibinta ba ta da miƙewa da komawa, idan ta saki ta saki, don haka ki matse awon kaɗan, ki zura siririyar roba irin ta tela a zagayen ƙarshe. Gashin kuwa na roba: ya fi sauƙin nauyi, launinsa ba ya zuba, yana saurin bushewa, ya fi araha. Kada ki yi gashi da auduga. Nauyinta zai ja hular baya, idan ta jiƙe kuma ta ƙara nauyi, yaro ya yi ta turo ta gaba da hannu. A cikin na robar ma akwai mai kaushi akwai mai laushi. Ki goga ƙwallon a wuyanki ko bayan kunnenki a gaban mai shago, abin da ya soke ki zai fi sukar yaro.

Akwai mai cewa me ya sa za a wahala, ga gashin kanti na yara ana sayarwa a kasuwa. Araha ba ta ado. Ragarsa tana kartar kai, awonsa ɗaya ne ga kowa, bayan sawa biyu ya cukurkuɗe ba ya gyaruwa. Sannan yana kama da gashin mutum, wanda shi ne abin da iyaye da yawa suke gudu. Hadisin da ya hana ƙarin gashi sananne ne, yana cikin Bukhari da Muslim. Malamai sun yi saɓani a kan zare: wasu sun sassauta idan mai launi ne da kowa zai gane ba gashi ba ne, wasu sun ƙi ko da zare ne. Ni ba malama ba ce, abin da nake yi shi ne in tambayi uwa tun kafin in yanka zare ko maigidan ya sani kuma ya yarda. Gidan da suke da shakka, hula mai kunnuwa ko mai furanni ta raba gardama, ba wanda zai ce an yi ƙarin gashi.

Yaro guda ne nake ajiye duk wannan lissafin saboda shi: wanda gashinsa ya zube don ciwo. A Amurka, a jihar Alaska, wata ma'aikaciyar jinya mai kula da masu ciwon daji, Holly Christensen, tare da Bree Hitchcock, sun kafa Magic Yarn Project a 2015, suna saƙa gashin zare suna ba yaran da maganin ciwon daji ya zubar musu da gashi kyauta. Dalilinsu shi ne fatar kan irin waɗannan yara tana yin laushi, gashin kanti yana yi musu ƙaiƙayi, zare mai taushi kuwa ba ya yi. Mu ma muna da su, ana kai su Yamai a dawo da su kai fayau, yarinya ta daina fita wasa don kada a kalle ta. Ita ba shigar wasa take nema ba, so take ta ji wani abu yana taɓa kafaɗarta. A nan gashin zare ya fi kunnuwan zomo nesa ba kusa ba. Amma Alaska ƙasar ƙanƙara ce, dole mu sauya aikin ya dace da mu: hula ta auduga mafi laushi, saƙa mai ɗan sarari, ƙulli duka ta waje don kada ko ɗaya ya taɓa fata, gashin kaɗan kuma a kitse. A yi mata biyu don a dinga wanke ɗaya. Idan akwai ƙuraje ko rauni a kan, a tambayi lokotoro tukuna.

Wannan "kaɗan kuma a kitse" shi ne tsaka-tsakin da na fi yi wa mutane, masu lafiya ma. Maimakon ki cika hular da sili ko'ina, ki saƙa ta da launi ɗaya da gashin, ki ɗaura layi biyu a tsakiya inda tsaga za ta fito, da layi ɗaya a zagayen baki. Ki kwantar da na tsakiyar hagu da dama, ki haɗa su da na gefe, ki yi kalaba biyu, ki ɗan kama su da allura a jikin hular don kada su zame. Zaren ya ragu da kusan rabi, nauyi ya ragu, ba ya cuɗewa, kuma wankinsa bai fi na hula wuya ba.

Ga 'yan ƙasa da shekara 3 kuwa babu zaɓi, hula mai siffa ce kawai, ita ma da sharaɗi. Ba maɓalli, ba dutsen ado, ba wuri, domin duk abin da ya ɓalle baki zai tafi. Idon zaki ko na zomo a yi shi da zare da allura. Ba igiyar ɗaurewa a haɓa, ba dogon sili da zai naɗe wuya ko yatsa, kuma a cire ta kafin yaro ya yi barci, ko a bayan uwa ne. Idan aka zo miki da hoton jaririya da dogon gashin zare aka ce a yi irinsa, ki ce za ki yi na ɗaukar hoto kawai, a sa a ɗauka a cire, na yawo kuma ki saƙa mata mai kunnuwa da zaren auduga.